Bencin da Muka Fitar Waje

Shekara goma sha biyu ke nan cif da rasuwar mahaifina, Ishaya kafinta, wanda kowa a unguwarmu, Musulmi da Kirista, yake kira Baba Ishaya. Duk shekara idan wannan wata ya kama nakan ɗauki biro da niyyar in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Iyalina sun ɗauka kewa ce take hana ni. Kewar tana nan, amma kunya ta fi ta nauyi. Yabon uba abu ne mai sauƙi ga kowa, ni kuwa in na yabi nawa, kaina na kai ƙara. Bana dai na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa a wuce wurin.

Cocinmu a Daura ba wani babba ba ne, amma in ka shiga ranar Lahadi sai ka ɗauka tashar mota ka shiga saboda yawan harsuna. Akwai Ibo masu sayar da kayan gyaran babur, akwai Yarbawa teloli da masu ɗaukar hoto, ga malaman makaranta da ma'aikatan jinya daga Filato da Kudancin Kaduna, ga 'yan sanda da ma'aikatan kan iyaka da aiki ya kawo Kongolam. Sannan ga mu Hausawa, mu ma kashi biyu: na cikin gari masu albashi, da na ƙauye masu zuwa da faso a ƙafa da ƙullin gero na baiko, wato sadakar coci. Fastoci sun zo sun tafi, wasu ma na manta kamanninsu. Wanda ya riƙe wannan taro wuri guda sama da shekara talatin bai taɓa yin wa'azi ba, karatunsa ma da ƙyar yake haɗa baƙi. Benci kawai ya ƙera.

Da katakon maɗaci ya yi su, dogaye, kowanne yana cin mutum bakwai in an yi zumunci, shida in akwai mai fushi. Ba su da abin jingina. Kuma suna da wani aibi da duk wanda ya taɓa zama a kansu ya sani: ƙafafunsu sun shige ciki da yawa, saboda haka in mutane suka miƙe suka bar mutum ɗaya a bakin benci, sai ya ɗaga ya kifar da shi. Baba ya taɓa gaya mini cewa a na farko kuskure ya yi wajen awo. Da ya ga abin da kuskuren ya haifar, sai ya ƙera sauran duka haka da gangan. Abin da ya haifar shi ne ba mai miƙewa sai ya waiwayi na kusa da shi ya ce, "Zan tashi." Na san Ibo da dama da wannan ce Hausar farko da suka koya a Daura, kafin ma su iya "ina kwana".

Sai kuma tsarin zama. Baba yakan tsaya a bakin ƙofa tun kafin a buga ƙararrawa, da tsohuwar rigarsa ta shadda wadda guga ya cinye wuyanta. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, kuma ba a fara sabon benci sai na gabansa ya cika. Ba ruwansa da wane ne kai. In ka zo bayan mai daddawa, to kusa da mai daddawa za ka zauna, ka sha ƙamshinta har a tashi. In benci ya yi kamar ya cika, sai ya leƙo ya ce, "Matsa," a matsa, wuri ya samu. Wata rana wani babban ma'aikacin kan iyaka, mutum mai jiki da farin leshi, ya same shi bayan sujada yana ƙorafin ciwon baya, ya ce ko za a sa wa bencinan abin jingina, shi zai ɗauki nauyi. Baba ya dube shi ya ce, "Ranka ya daɗe, ai da abin jingina. Ga shi nan a damanka, ga shi a hagunka." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, bai sake tayar da maganar ba.

Bencinan nan ba a coci kaɗai suka yi aiki ba. In an yi haihuwa ko rasuwa a unguwa, maƙwabtanmu Musulmi sukan aiko a ba su aro, a jera a ƙofar gida a yi suna ko zaman makoki, a dawo da su. Ba a rubuta komai a jikinsu ba, kuma ban taɓa jin ɗaya ya ɓata ba. Alamar Baba kawai tsaga uku ce da yake yi da kurfi a ƙarƙashin katako, inda ba mai gani sai wanda ya kifa.

A cikin masu zuwa daga ƙauye akwai Iya Lami. Daga wata 'yar unguwa take a bayan garin Babban Mutum, gwauruwa ce, sana'arta daddawa. Saboda nisa, sau ɗaya take zuwa a wata, Lahadin farko, ranar cin Jibin Ubangiji, gurasa da abin sha da ake rabawa don tunawa da Almasihu. Takan iso ranar Asabar ta kwana a ɗakin mahaifiyata, da safe kuma ta riga kowa isa coci, don haka kusan kullum ita ce a bakin bencin gaba. Ta goya ni ina jariri. Duk duniya tana ce mini Malam ko Sakatare, ita kuwa har gobe Ɗanladi nake a bakinta.

Baba ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. An yi masa jana'izar da ban taɓa ganin irinta ba a unguwar, kuma a kan bencinansa aka zauna karɓar gaisuwa. Mutane suna riƙe hannuna suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ji daɗin maganar, na kuma yarda da ita. Ba a daɗe ba aka zaɓe ni sakataren ikkilisiya, saboda ina da takardar digiri kuma ni ɗan Baba Ishaya ne.

Shekara huɗu bayan haka muka gama sabon gini, da tayil da fankoki da lasifika. Aka ce coci irin namu ya kamata ya kasance da rubutacciyar manufa, kamar yadda ake yi a manyan birane. Ni aka ba aikin. Na yi mako biyu ina gogewa ina sakewa, har na fito da layi ɗaya da na yi alfahari da shi: gida ɗaya, harsuna da yawa, ƙofa a buɗe. A ƙarƙashinsa na jera ɗabi'un da muka ce mun tsaya a kansu, ƙauna da karɓar baƙo da rashin nuna bambanci da sauransu. Aka buga a babban ƙyalle da Hausa da Turanci, aka rataya a bangon baya, saitin ƙofa. Ban ƙi jinin abin da na rubuta ba har yau. Gaskiya ne, kuma shi ne abin da ikkilisiya ta kamata ta zama. Sai dai na rubuta shi ne a daidai lokacin da nake rushe shi.

Maganar kujeru ta taso ne ba da mugun nufi ba, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna. Aka ce benci ba ya dacewa da sabon gini, yana kuma karce tayil. Aka roƙi kowace ƙungiya ta kawo gudummawar kujerun roba. Kowa kuwa ya yi ƙoƙari. Waɗannan suka kawo farare, waɗancan shuɗaye, wasu jajaye, mu Hausawan cikin gari muka kawo korra. Sai wani ya ce kujerar roba ba kamar benci ba ce, ƙafa gare ta, in aka ba da aro gidan biki ba ta dawowa, gara kowace ƙungiya ta rubuta sunanta a baya da fenti. Magana ce mai ma'ana, ni na rubuta ta a takardar taro, ni na nemo mai fenti.

Ba wanda ya tashi ya ce kowa ya zauna a kujerar ƙungiyarsu. Ba a taɓa yin wannan doka ba. Amma mutum in ya shigo ya ga sunan garinsu a bayan kujera, ƙafarsa da kanta take kai shi. Kafin wata uku, in ka tsaya a kan bagade, inda fasto yake wa'azi, ka duba, za ka iya nuna kowace ƙabila da launinta. Mutanen ƙauye sun yi alkawarin kawo nasu bayan kaka, sai gero bai yi kyau ba a shekarar. Mu kuma da muke harshe ɗaya da su, da muka rubuta suna a bayan korran kujeru, "Hausawa ma'aikata" muka rubuta. Aka bar wa mutanen ƙauye benci uku a can baya. Daga baya su ma aka fitar, aka rabar da su duka ga duk mai so. Ni na tsaya aka loda su a amalanke. Har na ce wa mai turawa ya yi sauri kada baƙi su zo su tarar da tarkace.

Ranar da aka keɓe sabon ginin ta faɗo a Lahadin farko na wata. An gayyaci baƙi daga Katsina da Kano, ni ne mai kula da tsari, ina ta kai da kawowa da takarda a hannu. Iya Lami ta yi wata biyar ba ta zo ba saboda ciwon ƙafa, ba ta san an sauya komai ba. Ta riga kowa kamar yadda ta saba, ta wuce gaba ta zauna a farar kujera ta farko, ta ajiye ƙullinta a ƙasa, tana ta kallon fankoki tana murmushi. Da wuri ya fara cika, shugabar ƙungiyar da ta kawo fararen kujeru ta matso ta yi mini raɗa cewa sun keɓe layin gaba ne don baƙinsu. Ba zan faɗi ko wace ƙungiya ba ce, don laifi tudu ne, kuma na gaji da taka nawa ina hango na wani. Matar ba ta san Iya Lami ba. Ni na san ta. Da na ce mata, "Wannan uwata ce, a bar ta," da magana ta ƙare a nan.

Maimakon haka na je na durƙusa kusa da tsohuwar, na yi ƙasa da murya na ce, "Iya, wannan kujerar da mai ita."

Ta duba dama da hagu ta ce, "Yo ina mai itan, Ɗanladi? Ai sai ya zo mu matsa."

Na ce, "Ba a matsawa a wannan, Iya. Ga suna nan a baya."

Ta juya ta dubi rubutun, ta shafa shi da yatsa kamar mai duba ko fentin ya bushe. Ta ɗauki ƙullinta, sannan ta waiwayi matar da ke kujerar kusa da ita, wata baƙuwa da ba ta jin Hausa, ta ce mata, "Zan tashi." Kujerar roba ce, ba wanda zai faɗi. Amma ta faɗa, saboda haka Baba ya koya mana.

Na nuna mata wajen korran kujeru, na koma kan aikina. Daga baya na hango ta ba ta zauna ba. Ta wuce can baya ta tsaya a jikin bango, daidai ƙarƙashin ƙyallen da na rubuta, da ciwon ƙafarta, har aka gama sujadar awa uku. Fasto ya karanta manufarmu da ƙarfi, aka yi tafi, aka ce marubucin ya miƙe a gan shi, na miƙe. Iya Lami ce ta ƙarshe da ta karɓi Jibi. Ba ta biya ta gidanmu ba, kuma ba ta sake zuwa ba.

Shekara takwas ke nan. Da farko na ce ƙafar ce. Da mahaifiyata ta tambaya, ƙafar na ce mata, kuma har ta bar duniya ba ta san gaskiya ba. Daga baya na ce hanya ta yi tsada, ga rashin tsaro, tsofaffi ba sa son tafiya. Duk gaskiya ne, amma na san ba su ba ne dalili. Sauran mutanen ƙauyen ma suka riƙa raguwa da ɗaiɗai, mu kuma muka rubuta a rahoto cewa nisa ne. An ce zumunta a ƙafa take, ni kuwa ina da babur, ban je ba.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce in ya leƙo yau. Ina jin zai yi murna da wasu abubuwa. Zai ji daɗin ajin yaƙi da jahilci da mata suke yi ranar Laraba, da abincin da ake kai wa marasa lafiya a asibiti ba a tambayar addininsu, da yadda har yanzu naman layya yake shigo mana daga maƙwabta, mu ma shinkafar Kirsimeti take fita. Zai yi mamakin matasa masu ɗaukar sujada da waya don 'yan uwansu na Legas su kalla. Amma zai tsaya a bakin ƙofa ya rasa aikin yi. Yanzu sujada biyu muke yi, ta Turanci da safe, ta Hausa da hantsi, kuma akwai mutanen da suka shekara biyar a coci ɗaya ba su taɓa gaisawa ba. Ba faɗa muke yi ba, ko kusa. Kowa dai yana da abin jinginarsa, ba ya bukatar kafaɗar wani. Ba na jin Baba zai yi mini faɗa, don ba halinsa ba ne. Zai kifa kujera ɗaya ya duba ƙarƙashinta, ya mayar, ya dube ni. Wannan kallon nake gudu shekara takwas.

Watanni uku da suka wuce na raka wani baƙo tashar motocin Kongolam da sassafe. Muna jiran mota ta cika, sai muka zauna wurin wani mai shayi, Malam Habu. Bencin ya cika da direbobi da fatake da wani Buzu da rawaninsa, amma da suka gan mu sai wani ya ce, "A matsa musu," aka matsa. Can wani direba ya shanye shayinsa, ya dafa kafaɗar na kusa da shi ya ce, "Zan tashi." Na sa hannu a ƙarƙashin katakon, na ji tsaga uku.

Na tambayi Malam Habu inda ya samo shi. Ya ce, "Wallahi wajen mutanen coci, sa'ad da suka yi sabon gini. Benci ne mai albarka, sai dai yana da hali. In ba ka yi sallama da na kusa da kai ba, ya kayar da shi. Duk tashar nan an san shi." Na ce masa mahaifina ne ya ƙera. Ya ce, "Allahu akbar, kai ɗan Baba Ishaya ne? To me ya sa kuka fitar?" Sai na kurɓi shayi ya ƙona ni.

A Asabar ɗin makon na hau babur na nufi Babban Mutum. Na sami Iya Lami a gindin tsamiya tana ɓarar gyaɗa a kan 'yar tabarma. Idonta ya yi rauni, amma ina yin sallama ta ce, "Muryar Ɗanladi nake ji?" Ta ja jiki gefe ta bar mini rabin tabarmar. Na ƙi zama, na durƙusa a ƙasa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Kai, tashi ka zauna. Me ka yi? Gaskiya ka gaya mini, kujera da mai ita. Ni ban yi fushi ba, Allah ya sani. Tsoro na ji. Ka ga ban iya karatu ba, kada in je in sake zauna wa wani a kan suna."

Na ce ta dawo, zan aiko da babur ya ɗauke ta duk Lahadin farko. Ta ci gaba da murza gyaɗa. Sannan ta tambaye ni, ba da gatse ba, tsakaninta da Allah tana son ta sani don kada ta sake kuskure: "To in na zo, tawa wace kala ce?"

Na yi karatu, na koyar shekara talatin, na rubuta manufar ikkilisiya da harshe biyu. Ban iya amsa wannan tambayar ba.

Da na dawo na kai maganar goge sunaye gaban kwamiti, aka ce za a duba, kuma har yanzu ana dubawa. Ban jira ba. Na buɗe akwatin kayan aikin Baba na ɗauko takardar goge katako, na fara da korran kujeru, tunda su ne namu. Na kuma koma wurin Malam Habu na roƙi aron bencin duk Lahadin farko. Ya ce, "Ɗauka mana, ai naku ne. Amma ka dawo da shi kafin la'asar, mutane na zama." Wato yau mu ne masu aron bencin Baba daga tasha.

Ranar farko na ajiye shi a gaban fararen kujeru, na aika babur tun asuba. Ya dawo ba kowa, Iya Lami ta ce a gaishe ni, ƙafar ta tashi. Na zauna ni kaɗai a bakin benci don in bar mata wuri, na manta halinsa, ya ɗaga ya kusa kifar da ni a gaban jama'a. Matasa suka yi dariya, ban ga laifinsu ba. Sai wani tsoho Ibo mai kayan babur, wanda ya zo Daura tun ina firamare, ya taso daga shuɗiyar kujerarsa ya zo ya danne ɗaya bakin. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Da aka tashi ya ce, "Zan tashi," sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Abin da ya rage na Baba Ishaya ke nan, in an auna. Bai bar gini ba, bai bar rubutu ba, shagonsa ma yanzu wurin cajin waya ne. Ya bar kalma biyu a bakin direbobin da ba su taɓa ganinsa ba, da katako ɗaya da ba ya yarda mutum ya zauna shi kaɗai. Ni da na gaje shi na bar ƙyalle a bango. Allah ya ba shi hutu, ni kuma ya ba ni kwanakin gyara abin da na ɓata.

Sau uku ke nan ina ɗauko bencin, sau uku babur yana dawowa ba kowa. Yanzu mu biyar ne muke zama a kai. Yana cin bakwai in an yi zumunci, amma ba na bari a cika shi. In wani ya zo zai zauna a wurin da ke damana, sai in yi ƙasa da murya in gaya masa maganar da na taɓa gaya wa Iya Lami, in ce wannan da mai shi.